Hanyar keke a daji: Darasin Karura da tsohon garin kuza na Derby

A ranar 8 ga watan Janairun 1999, wasu ƙarti ɗauke da kulake da bulalai suka far wa Farfesa Wangari Maathai da magoya bayanta a bakin dajin Karura da ke arewacin birnin Nairobi. Laifinsu shi ne sun je dasa bishiyoyi a filin da gwamnatin Daniel arap Moi ta yanka wa wasu masu uwa a gindin murhu domin su gina gidaje. An fasa mata kai a ranar, kuma da jinin da ke zuba ta sa hannu a takardar ƙorafin da ta kai wa 'yan sanda. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, duniya ta yi ca, kuma a watan Agustan shekarar Moi ya sanar da dakatar da rabon filayen gwamnati.

Wannan shi ne ɓangaren labarin da kowa ya sani, musamman bayan ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne, shekara goma bayan wannan nasara, mutumin Nairobi mai hankali ba ya shiga Karura. An ƙwace dajin daga hannun masu wawure fili, amma ya ci gaba da zama maɓoyar 'yan fashi, wurin da ake tsintar gawa. Bishiyoyin suna nan, sai dai ba na kowa ba ne.

Abin ya sauya ne daga 2009, lokacin da mazauna unguwannin da ke kewaye da dajin suka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, suka ƙulla yarjejeniyar kula da shi tare da hukumar gandun daji ta Kenya, bisa damar da dokar gandun daji ta 2005 ta bai wa al'umma. Suka tara kuɗi aka kewaye shi da shinge mai lantarki. Aka ɗauki matasa daga unguwannin talakawa na maƙwabta, irin su Huruma, aikin sintiri. Sannan aka share hanyoyi, aka kafa alamomi masu lamba a kowace mararraba domin kada baƙo ya ɓata, aka buɗe wurin hayar keke kusa da ƙofa.

Yau a cikin wannan daji mai faɗin hekta kusan 1,000 akwai hanyoyi sama da kilomita 50 na masu tafiya a ƙafa, masu gudu da masu keke. A ranakun Asabar da Lahadi iyaye ne da 'ya'yansu ke cika shi. Ana cire bishiyoyin turare da aka dasa tun zamanin Turawa ana mayar da na asalin wurin. An ma dawo da biran nan masu launin baƙi da fari da ake kira kolobas, sun zauna har sun hayayyafa.

Shinge ya taimaka, masu sintiri sun taimaka. Amma abin da ya sa dajin ya samu dubban masu kishinsa, waɗanda za su ta da jijiyar wuya idan aka ce za a taɓa eka ɗaya, shi ne hanyar da ta shigar da su ciki. Mutum ba ya kare abin da bai taɓa gani ba. Shi ya sa batun yadda ake tsara hanyar keke a daji, wanda da jin sa za a ɗauka hirar masu ƙoshi ce, ya cancanci hukumomin gandun daji da na yawon buɗe ido a ƙasar nan su zauna su karance shi da kyau, tun kafin wani ɗan kwangila ya riga su da katafila.

Ruwa ne abokin gaba, ba tayar keke ba

Kuskuren farko da ake yi shi ne ɗaukar hanyar keke a matsayin ƙaramin titin mota. A kawo gireda ta share, a zuba marmara, a danne, a yanka kyalle a ɗauki hoto. Irin wannan hanya a kan tudu damina ɗaya ke gamawa da ita.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gano cewa abin da ke lalata hanya a daji ruwan sama ne, ƙafa da taya suna taimaka masa ne kawai. Ƙungiyar masu keken tsauni ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta tattara ƙa'idojin aikin a littafinta Trail Solutions na 2004, kuma su ne ake bi a ƙasashe da dama. Duk manomin da ya taɓa noma a gangare zai gane su nan take. Ya san idan ya ja kunya ta bi gangaren daga sama zuwa ƙasa, ruwa zai bi kwarin kunyar ya kwashe ƙasa da taki. Idan ya ja ta a gicciye, ruwan zai rage gudu ya nutse. Hanya ma haka take. Wadda ta miƙe daga ƙasan tudu zuwa samansa ta zama magudanar ruwa, kuma cikin 'yan shekaru za ta koma kwazazzabo. Wadda ta bi gefen tudun tana hawa sannu a hankali ita ce mai rai.

Daga nan aka fitar da ƙa'idar rabi. Hawan hanya kada ya wuce rabin hawan gangaren da take ratsawa. Idan gefen tudu yana tashi mita 20 a cikin kowace mita 100, to hanyar da ke kansa kada ta tashi fiye da mita 10 a wannan tsawon. Da zarar ta wuce haka, ruwan da ya gangaro ba zai tsallake ta ya wuce ba, zai juya ya bi ta. Akwai kuma ƙa'ida ta biyu, cewa idan aka haɗa hanyar gaba ɗaya, matsakaicin hawanta ya tsaya a wajen kashi 10 cikin 100. Ana iya samun ɗan wuri mai tsananin hawa, musamman a kan dutse, amma kada ya yi tsawo. Ba da ido ake auna wannan ba. Akwai 'yar na'urar auna gangare da ke shiga aljihu, mutum biyu ke aiki da ita, ɗaya ya tsaya a gaba ɗaya ya duba.

Sai karkatar doron hanyar. Ana ɗan kwantar da ita zuwa ɓangaren gangare, kamar santimita 5 a kowace mita ɗaya ta faɗi, yadda mai keke ba zai ma ji ba amma ruwa zai zame ya fita a shimfiɗe, bai taru ya yi ƙarfi ba. Da yake tafiyar yau da gobe na sa tsakiyar hanya ta lotsa, wannan karkata kaɗai ba ta isa. Shi ya sa ake sa hanyar ta riƙa ɗan sauka tana ɗan hawa a kai a kai, kamar kowace mita 6 zuwa 15, domin duk ruwan da ya kama hanya ya tarar da ƙaramin kwari ya fice. Wani abin sha'awa shi ne wannan hawa da sauka da aka yi saboda ruwa shi ne kuma abin da ke sa tuƙin ya yi daɗi. Abin da ya kare ƙasa shi ke dawo da baƙo.

Wajen haƙa, ana yanka gefen tudun ne har a kai ga ƙasa mai tauri, duk faɗin hanyar ya zauna a kanta. Masu ganda sukan yanka rabi su cike rabi da ƙasar da suka tono, sai cikon ya zabtare a ruwan farko. Ƙasar sama mai ganye da saiwoyi kuwa ba a barin ta a doron hanya, domin tana riƙe ruwa ta zama caɓi. Gefe ake watsa ta ciyawa ta sake fitowa.

Mutane da yawa za su zaci fili mai shimfiɗe ya fi sauƙi. Ba haka ba ne. A shimfiɗaɗɗen wuri ruwa ba shi da inda za shi, sai ya kwanta a kan hanya. Mai keke ya zo ya kauce wa taɓon, na bayansa ya kauce wa inda na farko ya bi, kafin a ankara hanyar da aka yi mai faɗin mita ɗaya ta zama fage. Fadama ana kewaye ta ne. Inda ba makawa sai an ratsa, a ɗaga hanyar da duwatsu da tsakuwa ko a yi gadar katako. Inda za a tsallake rafi, a shimfiɗa manyan duwatsu a ƙasansa da bakinsa biyu domin kada laka ta riƙa gangarawa cikin ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Duk wannan ya fi muhimmanci a arewacin Najeriya fiye da ƙasashen da aka rubuta ƙa'idojin. A wurare da dama a can ruwa kan sauka kaɗan-kaɗan kusan duk shekara. A nan kusan duk ruwan shekara yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, a kan ƙasar da rani ya busar, iska da dabbobi suka tsiraita. Wanda ya zana hanya a watan Fabrairu bai ga komai ba. Sai ya taka wurin a watan Agusta, ana tsakiyar ruwa, zai san inda ruwa ke bi da inda yake kwana. A ƙasar da aka karɓo dala miliyan 700 daga Bankin Duniya a shirin ACReSAL domin gyara ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa, abin kunya ne a ce da kuɗin gwamnati aka haƙa sabon kwazazzabo da sunan yawon buɗe ido.

Inda hanya za ta bi da inda ba za ta bi ba

Kafin a sa diga a ƙasa, mai tsara hanya yakan yi kwanaki yana yawo a dajin yana rubuta wurare iri biyu. Na farko su ne waɗanda mutane za su so zuwa ko ana so ko ba a so: ƙololuwar dutse da ake hango gari, tsohuwar bishiya, bakin tafki. A Karura akwai matsirgar ruwa mai tsawon mita 15 da kogwannin da ake alaƙantawa da mayaƙan Mau Mau. Idan hanya ba ta kai mutane irin waɗannan wurare ba, za su yanke da kansu, kuma hanyar da jama'a suka yanke kullum miƙaƙƙiya ce, wato irin wadda ruwa ke so.

Na biyu su ne wuraren da dole a nisanta: idon ruwa, inda tsuntsaye ke sheƙa, mashayar namun daji, maƙabarta, da wuraren da mutanen yankin ke girmamawa. Ba faɗin hanya kaɗai dabba ke asara ba. Hayaniya da ƙamshin mutum na korar ta daga wani yanki mai faɗi a dama da hagu. Saboda haka daji mai kyakkyawan tsari shi ne wanda aka bar manyan sassansa babu hanya ko ɗaya, aka tattara zirga-zirga a gefe guda, aka kuma rufe ƙofa da yamma kamar yadda ake yi a Karura. Hukumar da ke alfahari da yawan kilomita ba ta fahimci aikin ba.

Akwai kuma batun gudu. Inda masu tafiya a ƙafa da masu keke za su haɗu, allon gargaɗi ba ya rage gudun kowa. Ginin hanyar ne ke ragewa: lanƙwasa kafin mararraba, duwatsu biyu da aka matse hanya a tsakaninsu, sassabe reshe a kwana domin mai saukowa ya hango mai hawa. Ana kuma jera hanyoyin ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya, faffaɗa mai laushi kusa da ƙofa domin yara da dattawa, masu duwatsu da hawa can ciki domin waɗanda suka ƙware.

A nan ƙasar akwai wani baƙo da littattafan Turai ba su damu da shi sosai ba, wato babur. Duk hanyar da aka share ta zama gajeriyar hanya tsakanin ƙauyuka biyu, cikin mako guda 'yan acaɓa za su gano ta, bayansu masu dakon gawayi. Nauyin babur da yadda tayarsa ke tona ƙasa a hawa sun isa su rusa aikin wata shida. Ballantana kowa ya san da me 'yan bindiga ke zirga-zirga a dazuzzuka. Maganin yana cikin zanen: hanya ta zama da'ira, ta fara a ƙofa ta dawo ƙofa, kada ta haɗa wani gari da wani, a kuma sa mata mashiga mai ƙunci wadda sai an ɗaga keke ake wucewa.

Daji ba kango ba ne

Babu dajin da ke kusa da gari wanda ba shi da masu shi tun kafin zuwan mai keke. Akwai mata masu itace, masu ɗiban ganyen magani, masu zuma, maharba, makiyaya. Burtalin da ya ratsa daji ya girmi duk wata hukumar yawon buɗe ido, kuma wanda ya datse shi da shinge saboda hanyar shaƙatawa ya sayi rigimar da ba zai iya kashewa ba.

A wannan fannin ma Karura ba ta tsira daga suka ba. Shinge da kuɗin shiga suna nufin akwai wanda aka bari a waje, kuma yawancin masu yawo a ciki daga unguwannin masu hali suke fitowa. Abin da ya rage zafin shi ne maƙwabtan dajin sun ga amfaninsa a aljihunsu: su ne masu sintiri, su ne masu renon dashe, su ne masu cire ciyayi masu mamaye daji, su ne masu gyaran hanya. Mutumin da albashinsa ya dogara da zuwan baƙi shi ne na farko da zai kai rahoton baƙuwar fuska.

Aikin hanyar keke ya dace da wannan, domin mafi yawansa aikin hannu ne. Diga, shebur, fartanya, manjagara da baro su ne kayan aikin. Matasa ashirin da mai kula guda wanda ya san ƙa'ida za su yi abin da katafila ba za ta iya ba, domin ita ba ta san kewaye bishiya ba. Kuma waɗanda suka gina su ne za su san inda za a duba bayan kowane ruwa.

Wa ke riƙe da kuɗin ƙofa?

Gina hanya shi ne mai sauƙi. Kowace shekara sai an yashe magudanai, an sassabe reshe, an gyara inda ya lotsa, an sauya allon da ya karye. Idan babu tabbataccen kuɗin wannan, gara kada a fara.

Najeriya ba ta buƙatar a ba ta misali daga waje. An gina zauren tseren keke a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003, daga baya ya shafe shekaru a matsayin rumbun ajiye murhunan girki. A gasar Olympics ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar ƙasar nan a tseren keke a gasar, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin zaure da shi. A shekarar da ta biyo baya Ruwanda ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka.

Ba a nan kaɗai ake wannan tuntuɓe ba. Dajin Coed y Brenin da ke yankin Wales na Birtaniya shi ne wuri na farko a ƙasar da aka gina hanyoyi musamman domin keken tsauni, tun a shekarun 1990, kuma daga gare shi sauran suka kwaikwaya. Amma a 2025 hukumar da ke kula da shi ta rufe shago da wurin cin abinci na cibiyar baƙi saboda giɓin kasafin kuɗi.

Ita kanta Karura, abin da ya riƙe ta shekaru fiye da goma shi ne kuɗin da aka karɓa a ƙofa yana komawa dajin, ƙarƙashin kulawar hukuma da ƙungiyar al'umma tare. A ƙarshen watan Agustan 2025 hukumar gandun daji ta mayar da karɓar kuɗin zuwa manhajar gwamnati ta eCitizen, ƙungiyar ta ce ba a shawarce ta ba, magana ta kai kotu. Hukuma na da hujjarta, cewa kuɗin jama'a asusun gwamnati ya kamata ya shiga. Sai dai duk wanda ya san yadda kuɗi ke shiga baitulmali da yadda yake fitowa ya san magudanar da ta toshe a watan Agusta ba za ta jira a saki kason wata uku ba. Wannan jarida na ganin a irin wannan aiki, a rubuta tun farko kason da zai tsaya a wurin, a buga lissafinsa kowa ya gani, a sa hannu kafin a sari ƙasa.

To, ina ya dace a ƙasar nan?

Gaskiya ɗaya ce, kuma gara a faɗe ta. Babu mai hankalin da zai ce a kai yara hawan keke Kamuku ko Rugu ko Sambisa a yau. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya ninka Karura sau fiye da ɗari, kuma waɗanda ke ciki ba 'yan ƙwacen waya ba ne. Ko a bakin gari ma ba a tsira ba: a watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a gefen Kaduna. Waɗannan wurare aikin jami'an tsaro ne, ciki har da dakarun tsaron daji da Shugaba Bola Tinubu ya amince a kafa a watan Mayun 2025. Duk wanda ya ce keke zai kori ɗan bindiga yana wasa da rayukan mutane.

Darasin Karura na ƙananan dazuzzuka ne da tuddai da ke cikin gari ko bakinsa, waɗanda har yanzu ba su faɗa hannun kowa ba amma gari na cin su a hankali. Irin waɗannan barazanarsu ba bindiga ba ce, takardar fuloti ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma yawancin gandun daji na jihohi ne. Gandun da babu mai shiga, ranar da aka yanka shi babu wanda zai yi kuka.

Idan ana neman inda za a gwada, Jos ce ta fi kusa da hannu. Tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, iskarta sanyi gare ta, ga duwatsun Shere, ga gandun namun daji na Jos da aka kafa tun 1972 a zamanin Joseph Gomwalk. Sannan ga tsofaffin ramuka da tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari, waɗanda ba sa noma ba sa kiwo.

A nan labarin Derby ya shigo. Ƙaramin gari ne a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya wanda shi ma kuza ce ta gina shi. Da ma'adinin ya mutu garin ya bi shi, har mazaunansa suka koma ba su kai 200 ba. A 2015 aka buɗe hanyoyin keke na Blue Derby a tuddan da ke kewaye, wasu suna bi ta kan tsofaffin ayyukan ma'adinan. Cikin shekara biyu garin ya karɓi zagaye na gasar duniya ta keken tsauni, shagunan da aka rufe suka buɗe. Bai zo kyauta ba. Kuɗin gidaje ya tashi, da yawa suka koma masaukin baƙi, aka kuma yi ta takaddama kan sare itatuwa dab da hanyoyin. Jos ba Tasmaniya ba ce, ba ta da baƙi masu keken miliyoyin naira, kuma tana da nata matsalolin tsaro a ƙauyukan kewaye. Amma tana da abin da Derby ba ta da shi, wato ɗimbin matasa da ɗaliban jami'a da ke zaune tafiyar 'yan mintuna daga duwatsun.

Za a ce mutane na fama da abin da za su ci, ana zancen hawan keke a daji. Magana ce mai nauyi, kuma da a ce biliyoyi za a kashe da ta isa ta rufe zancen. Amma da'irar kilomita biyar da aka haƙa da hannu kuɗinta lada ne ga matasan unguwa, ba kwangilar shigo da kaya ba. Ita ma ƙyamar da ake yi wa keke ba daɗaɗɗiya ba ce. Akwai lokacin da Raleigh sabo ful ke sa a san malamin makaranta ya karɓi albashi. Daga baya ne ya zama alamar rashi, har aka yi ta yi wa ministan sufuri Ojo Maduekwe dariya a 2001 lokacin da ya ce a koma keke, aka ƙara dariyar da mota ta ture shi a Abuja. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu dariyar sun ragu. Abin da yaro a Kano ko Kaduna ko Jos ba shi da shi yau shi ne wurin da zai koyi keke ba tare da uwarsa ta dafe ƙirji ba.

Gwamnatin jihar da ke son gwadawa ba sai ta kafa sabuwar hukuma ba. Ta zaɓi wuri guda da jami'an tsaro suka tabbatar da shi. Ta zauna da masu unguwanni da ardo da matan da ke itace a wurin, a nuna mata burtali da mashaya da maƙabarta. Ta tura ma'aikatan gandun daji da masu safiyo su taka wurin a tsakiyar damina, su kafa tutoci, a bar tutocin su ga ruwa biyu ko uku. A haƙa idan ruwa ya ɗauke ƙasa na da sauran danshi, wajen Oktoba, lokacin da take dannuwa da kyau. Sannan a hana kowa yanka kyalle sai hanyar ta ga watan Agusta na gaba.